Yadda Malamin Kwamfuta Zai Halarci Taron ITiCSE a Turai, Daga Tura Maƙala Har Dawowa Gida

Tun da na dawo daga taron nan, kusan duk mako sai wani abokin aiki ya tsare ni da tambaya iri ɗaya, wasu daga jami'a, wasu daga kwalejin ilimi ko ta kimiyya da fasaha: "Malam, ta ina aka fara?" Na amsa a waya, na amsa a ofis, na amsa a bakin masallaci, sai na ga gara in zauna in rubuta shi sau ɗaya.

Taron da zan kafa misali da shi shi ne ITiCSE, wanda SIGCSE, reshen da ke kula da koyar da ilimin kwamfuta a ACM, wato ƙungiyar masana kwamfuta ta duniya, ke shiryawa duk shekara, galibi a Turai, a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli. A 2023 an yi shi a Turku ta ƙasar Finland, a 2024 a Milan ta Italiya, a 2025 kuma a Nijmegen ta Holan. Kwana 3 ake yi ana taron. Amma wanda zai taso daga Kano ko Zariya ko Sakkwato, nasa taron tun watan Oktoba na shekarar da ta gabata yake farawa. Yawancin waɗanda na ga tafiyar ta suɓuce musu ba rashin ilimi ne ya kayar da su ba, kalanda ce ta kayar da su.

1. Tabbatar taron na gaske ne

Kafin komai, shiga shafin SIGCSE da kanka ka bi mahaɗin taron daga can. Kada ka bi mahaɗin da aka turo maka ta imel. Akwai masu damfara da ke shirya tarukan bogi, suna zuba wa malamai saƙonni masu daɗin baki, suna alƙawarin karɓar maƙala cikin kwana 3. Alamarsu ba ta ɓuya: taro guda ya haɗa kwamfuta da noma da aikin jinya, ba sunayen malaman da aka sani a kwamitinsa, kuma kuɗi suke fara tambaya. Taron gaske yana da kwamiti mai sunaye da jami'o'insu, kuma za ka tarar da maƙalolinsa na shekarun baya a rumbun ACM na intanet.

ITiCSE ba shi kaɗai ba ne. Babban taron SIGCSE ana yin sa a Arewacin Amurka cikin Fabrairu ko Maris. ICER, na zurfafan masu bincike, a Agusta yake. Akwai Koli Calling a Finland cikin Nuwamba, akwai kuma CompEd da ke zagayawa wajen Turai da Arewacin Amurka, wanda a 2025 ya sauka a Gaborone ta Botswana. Ni ITiCSE nake ba mai zuwan farko shawara, saboda girmansa daidai ne, ba ka ɓacewa cikin dubban mutane, kuma malamin aji yana da kujera a cikinsa kamar yadda mai bincike yake da ita.

2. Zaɓi ƙofar da za ka shiga

Ƙofofin shiga suna da yawa, kuma kuskure ne mutum ya ɗauka cikakkiyar maƙala ce kaɗai hanya. Cikakkiyar maƙala shafi 6 ce, sai shafi guda na manazarta, ita ce kuma mafi wuyar shiga. Akwai fosta, wadda bayaninta a rubuce gajere ne ƙwarai. Akwai sashen dabarun koyarwa da kayan aiki, inda za ka nuna wata dabara da ka gwada a ajinka ta yi aiki. Ɗalibin digiri na uku yana da zama na musamman inda manyan malamai ke duba aikinsa su ba shi shawara.

Sai ƙofar da na fi so a sani, wato rukunin aiki. Wannan shi ne abin da ya bambanta ITiCSE da sauran. Wasu malamai kan kawo batu guda, a amince da shi, sannan a buɗe wa kowa ya nemi shiga. Rukunin kan kasance mutum 5 zuwa 10 ko ɗan fiye, daga ƙasashe daban-daban. Za ku yi watanni kuna aiki ta intanet, sannan ku haɗu ido da ido na 'yan kwanaki dab da buɗe taron ku ƙarasa daftarin rahoto, wanda za a tantance a buga daga baya. Ba sai ka zo da maƙalarka ba. Abin da ake so shi ne ka rubuto abin da za ka kawo wa rukunin. Malamin da ke koyar da shirya manhaja ga ɗalibai ɗari uku a ɗakin da kwamfutocinsa ba su kai hamsin ba, ga wutar lantarki tana zuwa tana ɗaukewa, yana da abin faɗa da babu wanda zai faɗa a madadinsa. Kada ka raina wannan.

Hattara: shiga rukunin aiki alƙawari ne. Ana ganawa kusan duk mako, kuma dole ka iso kafin sauran mahalarta. Wannan yana ƙara maka kwanakin otal, kuma dole kwanakin su shiga cikin bizarka.

3. Rubuta maƙalar ka tura

Wa'adin cikakkiyar maƙala yana faɗowa ne a Janairu, kuma yawanci ana neman tsakure, wato taƙaitaccen bayanin maƙalar, kimanin mako guda kafin maƙalar kanta. Wanda bai tura tsakure ba, ƙofar ta rufe masa ko da maƙalarsa ta kammala. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa.

Idan ɗalibanka ne abin nazarin, ko da tambayoyi kawai ka raba musu, nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku kafin ka fara tattara bayanai. ACM tana da ƙa'ida a kan binciken da ya shafi mutane, kuma masu tantancewa suna dubawa. Kwamitocinmu ba sa zama kullum, shi ya sa na ce Oktoba.

Yi amfani da tsarin shafi na ACM tun daga kalmar farko, ko a Word ko a LaTeX, wata manhajar tsara rubutun kimiyya. Na LaTeX yana nan a shirye a shafin intanet na Overleaf, kyauta. Kada ka rubuta a naka tsarin kana cewa za ka juya daga baya; a daren ƙarshe za ka tarar shafi 6 ya koma 8. Kowane marubuci yana bukatar lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, ita ma kyauta ce, minti biyar ake yi a samu.

Tantancewar ta ɓoye suna ce: masu dubawa ba su san ka ba, kai ma ba ka san su ba. Don haka cire sunanka, sunan makarantarku, da godiyar da za ta tona ka. Ka rubuta "wata jami'ar gwamnati a arewacin Najeriya" ya wadatar. Duba bayanan da ke maƙale a cikin fayil ɗin ma, domin Word yakan ajiye sunan mai kwamfuta a ciki. Idan ka yi amfani da manhajar ƙirƙirarriyar basira wajen samar da wani ɓangare na rubutun, ƙa'idar ACM ita ce ka bayyana, kuma ba a sa ta a jerin marubuta.

Abin da masu tantancewa ke nema ba ɓoyayye ba ne. Wace matsala ce a ajin? Me wasu suka riga suka gwada? Me ka yi, ga ɗalibai nawa, na tsawon wane lokaci? Da me ka auna? Me wani malami a wata ƙasa zai ɗauka daga nan? Maƙalar da ta ce "ɗalibai sun ji daɗi" ba tare da hujja ba, ba ta zuwa ko'ina. Zauna ka karanta maƙaloli goma na taron bara kafin ka rubuta taka. Wannan ya fi kowace shawara da zan ba ka.

Hattara da agogo: wa'adin ana rubuta shi da AoE, ma'ana muddin ranar ba ta ƙare a ko'ina a duniya ba. A agogon Najeriya da Nijar wannan ya kama 12:59 na ranar washegari. Rarar sa'o'in nan ajiye ta don ranar da intanet zai yi gardama, kada ka sa ta a lissafin rubutu.

4. Nemi kuɗi tun kafin sakamako ya fito

Sakamako yakan fito ne wajen watan Maris. Idan sai a lokacin za ka fara tambayar ina kuɗi, ka makara. Da ka tura maƙala, rubuta wa shugaban sashenku takarda ka sanar da shi, ka je ofishin da ke kula da harkokin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, a makarantarku ka tambayi abin da ake bukata na tallafin halartar taro da lokacin da kwamiti ke zama. Tallafin ta hannun makaranta yake bi, ba kai tsaye ba, kuma takarda tana daɗewa a kan tebura. Haɗa komai a jaka guda, ta yadda ranar da wasiƙar karɓa ta iso ita kaɗai za ka saka.

Ga abubuwan da kuɗi zai tafi a kansu: rajistar taro, wadda ta kai ɗaruruwan yuro, tikitin jirgi, wanda shi ne mafi tsada, domin Yuli lokacin hutun Turawa ne, otal na kwana 4 ko 5, ko 7 zuwa 8 ga ɗan rukunin aiki, kuɗin biza yuro 90, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu, inshora, zuwa Abuja ko Legas don bizar, da kwana a can, jirgin ƙasa da abincin dare. Akwai kuma sabon abu: daga Janairun 2026 duk abin da ACM ke bugawa ya zama na karatu kyauta ga kowa, nauyin kuɗin bugawa ya koma kan marubuta ko makarantunsu. Ana yafewa ko ragewa ga marubutan wasu ƙasashe da waɗanda suka nuna rashin hali, amma sai ka duba matsayinka da wuri ka nema.

Hanyoyin rage nauyi suna nan. Ɗan ƙungiyar ACM ko SIGCSE yana biyan rajista ƙasa da ta wanda ba ɗan ƙungiya ba, kuma ACM tana da rangwamen kuɗin shiga ga ƙasashe masu tasowa, don haka yi lissafi, sau da yawa shiga ƙungiyar ya fi arha. Rajistar wuri ta fi ta makara sauƙi. Ɗalibai su nemi aikin sa-kai a taron. Ɗalibai mata kuma su duba tallafin ACM-W, wanda aka ware domin kai mata ɗaliban kwamfuta tarukan bincike. Malamai, ku ne za ku gaya wa ɗalibanku wannan, domin yawancinsu ba su taɓa ji ba.

Hattara: gwada katin bankinka kafin ranar ƙarshe ta rajistar wuri. Katin naira yana da iyakar abin da zai biya a waje. Katin asusun dala ya fi tabbas.

5. Biza

A nan zan daɗe, domin a nan ni kaina na taɓa faɗuwa. A karon farko da aka karɓi aikina, na zauna jiran takardar ɗaukar nauyi kafin in nemi ranar ganawa. Takardar ta fito a ƙarshen Mayu. Da na shiga neman rana, wadda ta fi kusa tana bayan an tashi taron. Wani abokin rubutuna ne ya gabatar da aikin, ni kuwa ina gida. Har yau abin yana min ciwo, kuma ba na so ya faru da kowa.

Fara da fasfo. Dole ya zama an bayar da shi cikin shekara 10 da suka wuce, ya rage masa aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka bar Turai, kuma yana da shafi 2 da ba a taɓa ba. Idan yana dab da ƙarewa, sabunta shi tun Disamba.

Idan taron a yankin Shengen yake, wato ƙasashen Turai da ke amfani da biza guda, bizar Shengen ake nema, a wurin ƙasar da taron yake. Kada ka nemi ta wata ƙasa don an ce maka ta fi sauƙi. Ƙa'ida ita ce ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Yawancin ofisoshin jakadancin suna karɓar takardu ta cibiyoyi irin su VFS Global ko TLScontact, kowace ƙasa da tata, don haka fara da shafin ofishin jakadancin. Ana iya miƙa takardu tun wata 6 kafin tafiya. Hukunci a ƙa'ida kwana 15 ne, amma yana iya kaiwa 45, kuma samun ranar ganawar kanta a watannin Mayu da Yuni shi ne babban aiki. Ranar da wasiƙar karɓa ta shigo, a ranar ka nemi ranar ganawa, sauran takardu su biyo baya.

Abin da za ka riƙe: fom da hotuna; wasiƙar gayyata daga masu shirya taron, wadda galibi sai ka biya rajista ake ba ka, wani dalilin kuma na biya da wuri; wasiƙar karɓar maƙalarka; takardar makarantarku mai nuna kai ma'aikacinta ne, an ba ka izinin tafiya, kuma za ka dawo bakin aiki; takardar ɗaukar nauyi; takardun albashi da bayanin asusun banki na watannin baya; ajiyar otal da ta jirgi; da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, mai aiki a duk ƙasashen Shengen, ta rufe dukkan kwanakin.

Hattara guda uku. Kada wani ya zuba maka kuɗi mai yawa a asusu mako guda kafin ganawa don ya yi kauri; suna ganewa, kuma yana jawo ƙi. Kada ka ba ɗan kamasho ya haɗa maka takardu. Takardar jabu guda tana iya rufe maka ƙofa shekaru. Kuma kwanakin da ke kan wasiƙar gayyata, da otal, da jirgi, da inshora su zama ɗaya. Saɓanin kwana guda yana sa a yi shakka.

6. Gyaran ƙarshe da rajista

Bayan karɓa ana ba ka ɗan lokaci ka gyara bisa maganar masu tantancewa, ka maido da sunaye, ka cike fom ɗin haƙƙin mallaka na ACM da za a turo ta imel, sannan ka ɗora maƙalar a na'urarsu ta tsara bugu mai suna TAPS. Duba akwatin tarkacen imel kullum a wannan makon. Dole aƙalla marubuci ɗaya ya yi rajista ya kuma gabatar, in ba haka ba ana iya cire maƙalar. A fom ɗin rajista akwai gurbin abinci. Rubuta halal ko na ganye tun a lokacin.

7. Jirgi, masauki da jaka

Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Kuma duba inda jirgin zai yada zango: ɗan Najeriya da zai bi ta Landan yana iya bukatar bizar wucewa ta Ingila ko da ba zai fita filin jirgi ba. Ta Istanbul ko Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha ta fi kwanciyar hankali. Isa kwana guda kafin farawa. Otal kusa da wurin taro ya fi mai arha da ke nesa, musamman da yake ana farawa da sassafe.

Sa duk takardun da ka kai wurin biza a jakar hannu, domin jami'in kan iyaka yana iya tambayarsu, kuma za a ɗauki hoton yatsunka. Sayi kan soket mai ƙafa biyu zagayayyu; namu mai ƙafa uku ba ya shiga bangonsu. Shafukan majiginka su kasance a kwamfuta, a filas, da cikin imel. Mai fosta ya duba girman da aka ce, ya buga ta a gida, in da hali a kan yadi, sai ta naɗu cikin akwati. Ɗauki rigar sanyi mara nauyi ko da Yuli ne. Lokutan salla kuma za su ba ka mamaki: a arewacin Turai rana kan kai wajen ƙarfe 10 na dare ba ta faɗi ba, asuba kuma ta yi sammakon gaske. Sauke jadawalin garin, ka tambayi teburin rajista ɗakin da babu hayaniya. Sun saba da tambayar.

8. A zauren taro

Zama uku ko huɗu ke gudana lokaci guda, don haka daren farko ka bi jadawali ka yi wa waɗanda za ka shiga alama. Lokacin gabatarwa yawanci bai wuce minti 20 ba, har da tambayoyi, kuma shugaban zama zai tsayar da kai ko kai farfesa ne. Bar doguwar gaisuwar manyan baƙi da muka saba. Faɗi sunanka ka shiga magana. Kada ka karanta maƙalar. Ka bayyana yanayin ajinka da kyau tun farko, domin yawancin masu sauraro ba su taɓa ganin irinsa ba, kuma nan ne hankalinsu zai kamu. Gwada jawabin da agogo sau uku kafin ranar. In an yi maka tambayar da ba ka auna ba, ka ce ba ka auna ba, ka rubuta ta.

Abin da zan roƙe ka shi ne ka zauna. Na ga waɗanda suka gabatar, suka ɗauki hoto a gaban allon taro, suka karɓi shaidar halarta, suka nufi kasuwa. Kuɗin jama'a ne ya kawo su, kuma sun bar abin da ya fi tsada a ƙasa. Amfanin taron yana wurin shan shayi da cin abincin rana. Je wurin wanda jawabinsa ya taɓa matsalarka ka ce masa: na ji abin da ka ce kan ɗaliban da ke kwafo amsa daga manhajar hira, ni ga yadda abin yake a ajina. A nan ake samun abokin bincike, da mai duba ɗalibin digiri na uku, da gayyatar rukunin aikin baɗi. Ana kiran juna da sunan yanka, har manyan cikinsu, kada ka ɗauke shi raini. Wanda ba ya musabaha da mata, ko wadda ba ta yi da maza, ɗora hannu a ƙirji da fara'a ya isa. A liyafar dare za a kawo giya. Ruwa da lemo suna nan, babu mai tambayarka dalili. Kada ka tare a gefe da 'yan ƙasarku kaɗai tsawon kwana 3.

Duk wanda kuka yi magana mai ma'ana, rubuta sunansa da abin da kuka ce a daren nan, kafin fuskoki su cakuɗe.

9. Bayan ka dawo

Ajiye guntun tikitin shiga jirgi, rasitin rajista da na otal, shaidar halarta, da hoton shafin fasfo mai hatimin shiga da fita. Da su za ka sauke kuɗin da aka ba ka, wato ka nuna yadda ka kashe shi, kuma wanda bai sauke ba yana toshe wa kansa da na bayansa. Miƙa rahoto cikin mako biyu. Aika wa mutanen da ka rubuta sunayensu gajeren saƙo a makon farko, kana tuna musu abin da kuka tattauna. Sannan nemi sa'a guda a taron sashenku ka nuna wa abokan aiki dabara biyu da za su iya gwadawa a zango mai zuwa, ka ba su kwanakin wa'adin baɗi. Ɗan rukunin aiki kuma bai gama ba tukuna: rahoton yana da sauran gyara da tantancewa na wasu watanni, ganawar mako-mako za ta ci gaba har sai an miƙa shi.